Horon Bincike Tun Daga Digirin Farko: Hanyar Ɗaliban Karkarar Zamfara Zuwa Digiri na Uku

Digiri na uku, wanda jama'a suka fi sani da digirin digirgir, shi ne matakin ƙarshe a karatun jami'a. Ana ba da shi ne ga wanda ya gano wani sabon abu ta hanyar bincike, ya rubuta shi a kundi, ya kuma kare shi a gaban masana. Saboda haka shirin kaiwa gare shi yana farawa ne tun ɗalibi yana aji biyu ko aji uku na digirin farko, lokacin da ya kamata ya koyi yadda ake tsara tambaya, da tattara hujja, da auna ta, da rubuta sakamako. Ɗan malamin jami'a, ko wanda ya tashi a Samaru ko a unguwannin da ke kewaye da Jami'ar Bayero, yakan tsinci labarin wannan hanya a gida da wajen maƙwabta. Ɗalibin da ya fito daga 'Yankuzo a Ƙaramar Hukumar Tsafe, ko daga ƙauyukan Bunguɗu, galibi shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a, kuma ba shi da wanda zai gaya masa cewa akwai abin da ke gaba da digirin da yake yi. Cike wannan giɓi shi ne manufar shirye-shiryen horon bincike ga ɗaliban da ba su da isasshen wakilci.

Su wane ne ba su da wakilci

A Amurka, inda aka fi daɗewa ana irin wannan shiri, ana nufin baƙaƙen fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da 'yan asalin ƙasar na farko, da 'ya'yan talakawa. A Nijeriya ma'aunin ya fi karkata ga jiha da yanki. Zamfara, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, tana cikin jihohin da gwamnatin tarayya ta lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya wajen ilimin boko. A 2018 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta koka cewa yara 28 kacal ne daga jihar suka fara yin rajistar jarrabawar shiga makarantun haɗaka na tarayya. An kuma yi shekarun da hukumomin WAEC da NECO suka riƙe sakamakon ɗaliban jihar saboda bashin kuɗin jarrabawa, har gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a ƙarshen 2023.

Ko a cikin jihar ma ba a taru an zama ɗaya ba. Ɗan Gusau da ya yi makarantar kuɗi ya fi ɗan ƙauye damar cin jarrabawar JAMB. Namiji ya fi mace damar ci gaba bayan sakandare. Akwai 'ya'yan Fulani makiyaya, da masu buƙata ta musamman, da yaran da rikici ya raba da garuruwansu. Akwai kuma waɗanda suka shigo jami'a ta ƙofar NCE ko difloma, waɗanda shekaru suka ɗan ja musu kuma nauyin iyali ya riga ya hau kansu.

Wannan koma-baya bai samo asali daga rashin al'adar neman ilimi ba. 'Yandoto, wadda take cikin ƙasar Tsafe, ta yi suna a matsayin matattarar malamai da almajirai tun kafin jihadin farkon ƙarni na 19. Tsarin karatun zaure, inda ɗalibi ke zama gaban malami yana sauke littafi bayan littafi har ya karɓi ijaza, ya ginu ne a kan kusancin malami da ɗalibi, wanda shi ne ginshiƙin kowane karatu mai zurfi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne makarantun zamani masu ba da digiri. Shekara 17 jihar ta yi ba ta da jami'a a ƙasarta, sai a 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau, sannan a 2018 aka kafa Jami'ar Jihar Zamfara a Talatar Mafara. Kafin nan sai an tafi Sakkwato ko Zariya ko Kano.

Matakan hanyar da inda ake zubewa

Digirin farko yana ɗaukar shekara huɗu a yawancin fannoni, biyar a aikin gona da injiniyanci da aikin lauya, shida a likitanci. Sai shekara guda ta hidimar ƙasa, sai digiri na biyu na kimanin shekara biyu, sai na uku wanda ba ya kasa shekara uku. Idan komai ya tafi daidai, shekara goma ke nan. Amma yajin aikin ƙungiyar ASUU ya cinye kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, kuma jinkirin duba kundi yakan ƙara wasu shekarun.

Sakamakon digirin farko ne ke buɗe ko rufe ƙofar gaba. A ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu kuma daga 3.50. Yawancin tallafin karatu, da gurbin mataimakin malami da jami'o'i kan bai wa zaƙaƙuran ɗalibansu, suna neman ɗaya daga cikin waɗannan biyun. Ana tara makin ne tun daga zangon farko na aji ɗaya, daidai lokacin da ɗan ƙauye ke fama da Ingilishin lacca, da kwamfutar da bai saba da ita ba, da neman wurin kwana. Sau da yawa yakan farfaɗo a aji uku, amma raunin farko ya riga ya ja makinsa ƙasa.

Wuri na biyu da ake zubewa shi ne bayan hidimar ƙasa. Iyayen da suka sayar da hatsi ko dabba suka biya kuɗin makaranta suna jiran ɗansu ya kama aiki ya ɗauki nauyin ƙanne. Digiri na biyu kuwa kuɗi yake ci, ba ya kawowa. Wanda bai taɓa ɗanɗana bincike ba, bai kuma san malamin da zai tsaya masa ba, ba shi da hujjar da zai kawo wa kansa ko iyayensa ta ƙara shekara biyar a makaranta.

Tanadin da ake da shi

Tsarin ba da gurbi a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya. Wannan yana shigar da ɗalibi aji ɗaya, daga nan aikinsa ya ƙare. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana biyan kuɗin makaranta da naira dubu 20 a wata domin ɗawainiya, amma bashi ne, kuma bai shafi horon bincike ba.

A ɗaya ƙarshen akwai asusun TETFund, wanda ya samo asali daga dokar harajin ilimi ta 1993 aka kuma sake masa fasali a 2011. Shi ne ya ɗauki nauyin dubban malamai suka yi digiri na biyu da na uku a gida da waje, sai dai tallafinsa na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, wato sai wanda ya riga ya samu aikin koyarwa. Asusun PTDF yana ba da tallafi a fannonin da suka shafi man fetur da makamashi, akwai kuma na Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila da na hukumar DAAD ta Jamus. Duk waɗannan gasa ce da ake shiga da ƙudurin bincike, da wasiƙun shaida daga malamai, wani lokaci da maƙalar da aka buga. Gwamnatocin jihohi ma sukan tura ɗalibai waje, kamar yadda Kano ta yi da masu daraja ta ɗaya a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso.

Idan aka jera waɗannan za a ga cewa an tanadi ƙofar shiga, an tanadi ƙofar ƙarshe, amma shekarun tsakiya, daga aji biyu zuwa kammala hidimar ƙasa, babu wani shiri na ƙasa da ke kula da su. A nan ne kuwa ake samar da abubuwan da masu ba da tallafi ke tambaya.

Yadda aka yi a wasu wurare

Shirin McNair na Amurka ya ɗauki sunan Ronald McNair, baƙar fata masanin kimiyyar fiziya wanda ya rasu a hatsarin kumbon Challenger a Janairun 1986. Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar ta fara ba jami'o'i kuɗin gudanar da shi a 1989. Ƙa'idarsa ita ce aƙalla kashi biyu cikin uku na ɗaliban su kasance 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi waɗanda iyayensu ba su yi digiri ba. Ana haɗa kowane ɗalibi da malami, ya yi bincike a lokacin dogon hutu ana biyansa alawus, ya gabatar da sakamako a taro, a kuma taimaka masa wajen neman gurbi da tallafi.

Shirin Meyerhoff na Jami'ar Maryland da ke yankin Baltimore, wanda aka kafa a 1988 da jagorancin Freeman Hrabowski, ya ƙara abu biyu: zaman share fage na mako shida kafin a fara aji ɗaya, da karatu cikin rukuni maimakon kowa tasa ta fisshe shi. Nazarin da aka yi a kansa ya nuna cewa ɗalibansa sun fi shiga digiri na uku a kimiyya, nesa ba kusa ba, idan aka kwatanta su da takwarorinsu da aka ba gurbin suka zaɓi wata jami'ar. Kizzmekia Corbett, wadda ta yi fice a aikin samar da rigakafin korona, ta fito ne daga wannan shiri.

A Afirka akwai cibiyar AIMS ta ilimin lissafi da aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2003, wadda ke ɗaukar masu digirin farko ta shirya su domin bincike. A arewacin Nijeriya, Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da cibiyar binciken cututtukan da aka yi watsi da su ta Jami'ar Ahmadu Bello, suna cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa wa tun 2014. Misali mafi kusa da halin Zamfara shi ne cibiyar BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, wadda Dokta Mahmoud Bukar Maina ya assasa a 2021 da goyon bayan gwamnatin jihar. Yobe ma tana cikin jihohin da aka bari a baya, ta kuma sha fama da rikici, amma cibiyar ta tara kayan aiki na zamani tana horar da matasa binciken ƙwayoyin halitta.

Abubuwan da horon ya ƙunsa

Na farko shi ne zaɓe da wuri, a ƙarshen aji ɗaya ko farkon aji biyu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maki kaɗai ba ya wadatarwa a nan. Ana duba yadda sakamakon ɗalibi ke hawa daga zango zuwa zango, da irin makarantar da ya fito, da abin da malamansa suka gani na naci da son tambaya.

Na biyu shi ne malami mai jagora, wanda zai sa ɗalibi cikin aikin da shi kansa yake yi: auna samfurin ƙasa ko ruwa, shigar da bayanai, hira da manoma, kwafar tsofaffin rubuce-rubucen ajami. Wanda ya yi shekara biyu da ɗalibi shi ne zai iya rubuta masa wasiƙar shaida mai nauyi, wadda ta ambaci aikin da ya yi da hannunsa.

Na uku shi ne dabarun aiki. Ɗalibi yana buƙatar sanin yadda ake karanta maƙalar mujallar ilimi a rarrabe hujja da ra'ayi, da ilimin ƙididdiga, da manhajoji irin su R da Python waɗanda kyauta ne, da rubutun Ingilishi na ilimi. Tattauna darasi da Hausa kafin a rubuta shi da Ingilishi yana taimaka wa wanda ya fahimci abu amma harshe ya ɗaure shi. Akwai kuma ladubban bincike: neman izinin wanda za a yi hira da shi, ɓoye sunansa, da nisantar satar fasaha da ƙirƙirar alƙaluma.

Na huɗu shi ne alawus. Ɗalibin karkara yakan koma gona da damina, ko ya yi acaba ko ƙwadago a hutu domin ya tara kuɗin rajista. Idan aka ce ya zauna ɗakin gwaje-gwaje ba tare da an maye masa gurbin wannan kuɗi ba, 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su amsa kira, shirin kuma ya koma hannun waɗanda ba don su aka yi shi ba.

Na biyar shi ne fita da aiki bainar jama'a, a taron sashe ko na ƙungiyoyin masana, inda ɗalibi zai saba da amsa tambaya da karɓar gyara. Na shida kuma shi ne rakiya har bakin ƙofa: rubuta ƙudurin bincike, tuntuɓar malamin da ake so ya duba aiki, karɓo takardar sakamako, da biyan kuɗin jarrabawar Ingilishi ga mai neman fita waje.

Kundin shekarar ƙarshe

Kowane ɗalibin jami'a a Nijeriya yana rubuta kundin bincike a ajin ƙarshe, ɗaliban kimiyya da fasaha kuma suna zuwa horon sanin makamar aiki na SIWES. Wannan tushe ne da ƙasashe da yawa ba su da shi. Matsalarsa ita ce yana zuwa a makare, malami guda yana duba ɗalibai masu yawa, ɗalibi ne ke sayen sinadarai da kuɗinsa, ga kuma kasuwar sayar da tsofaffin kundaye a shagunan kwamfuta da intanet. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Jami'o'in Gusau da Talatar Mafara suna iya amfani da wannan dama su sauko da darasin dabarun bincike zuwa aji biyu, su kuma ba da dama a yi SIWES a ɗakunan gwaje-gwaje na Zariya ko Sakkwato ko Kano, ta yadda kundin ƙarshe zai zama cikamakin aikin shekara biyu.

Tsaro da halin ɗalibai mata

Sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da rufe makarantu da katse layukan waya a jihar a Satumban wannan shekarar, da sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida a Satumban 2023, duk sun shafi wannan batu kai tsaye. Yankin Tsafe yana cikin waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba, kuma akwai ƙauyukan da mai bincike ba zai iya shiga ba. Dole shiri ya tanadi masauki a cikin harabar makaranta, ya kuma zaɓi ayyukan da za a iya yi a cikin gari, ko da hotunan tauraron ɗan'adam, ko da bayanan asibitoci da kasuwanni, ko ta hira da waɗanda suka yi hijira zuwa Gusau.

Ga mata, amincewar iyaye ko miji tana rataye ne a kan masauki da tafiye-tafiye. Sanya iyaye cikin bayani tun farko, da samar da malamai mata masu jagora, da sassauta lokaci ga mai juna biyu ko mai goyo, suna daga cikin abubuwan da ke hana yankewar karatu. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, wadda ta mata ce zalla, babbar mashiga ce da za a iya zaƙulo ɗalibai daga cikinta.

Amfanin da yankin zai samu

A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara ankarar da duniya, kuma manyan gwaje-gwajen jini da ƙasa sun dogara ne da ƙwararru da na'urorin da aka kawo daga waje, tare da jami'an lafiya na Nijeriya. Annobar sanƙarau da ta ɓarke a ƙarshen 2016 ma daga Zamfara ta faro. Noman rani a Bakolori, da rikicin manoma da makiyaya, da kufan 'Yandoto, da dutsen Kwatarkwashi, da karin harshen Zamfarci, duk fagage ne da ke jiran mai bincike da ya san harshe da mutanen wurin.

An riga an ga abin da ɗan gida ke iya yi. Bajamushe Kurt Krieger ne ya wallafa tarihin Zamfara a 1959 da harshen Jamusanci. A 1977 Garba Nadama, ɗan Gusau wanda daga baya ya zama gwamnan Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Zariya a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara, aikin da masana ke komawa gare shi har yau. Haka nan kundin Sa'idu Muhammad Gusau na 1988 a Jami'ar Bayero a kan waƙoƙin makaɗan fada ya zama tushe a nazarin waƙar baka. Bayan haka, sababbin jami'o'in jihar suna buƙatar masu digiri na uku domin su samu amincewar hukuma su kuma buɗe karatun gaba da digiri, kuma ɗan yanki ya fi yiwuwar zama idan hali ya tsananta.

Saɓanin ra'ayi da ma'aunin nasara

Masu suka suna kawo hujjoji uku. Ta farko ita ce jihar da yara da yawa ba sa zuwa firamare ba ta da hurumin kashe kuɗi a kan 'yan tsiraru. Amsar masu goyon baya ita ce malaman firamare a kwalejoji ake horar da su, masu koyarwa a kwalejojin kuma daga jami'a suke fitowa, kuma kuɗin horar da ɗalibai ashirin ko talatin a shekara bai taka kara ya karya ba a kasafin ilimi. Ta biyu ita ce wanda aka horar zai tsere waje, ɗaya daga cikin dalilan da suka sa TETFund ya dakatar da tura malamai ƙetare daga farkon 2025. Yarjejeniyar dawowa aiki tana rage wannan, amma gurbin aiki da ɗakin gwaji mai wuta da ruwa sun fi ta tasiri. Ta uku ita ce zaɓe bisa jiha yakan amfani 'ya'yan manyan jihar ne. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ma'aunin da ya fi adalci shi ne ƙarfin iyaye, da matakin karatunsu, da makarantar da ɗalibi ya fito, a kuma bayyana sunayen waɗanda aka zaɓa da dalilin zaɓensu.

Akwai kuma sharaɗin da ya shafi malamai. Jagorancin ɗalibi aiki ne mai cin lokaci, kuma ƙarin girma a jami'a ya dogara ne da yawan maƙalu. Sai an lissafa jagoranci cikin ma'aunin ƙarin girma, an kuma haɗa ƙananan jami'o'i da manya ta yadda malami a Sakkwato ko Zariya zai iya duba ɗalibin Gusau tare da malaminsa na gida, kafin shirin ya ɗore. Nasararsa kuma ana auna ta ne da bin diddigin kowane rukuni na tsawon shekara goma: nawa suka kammala da babbar daraja, nawa suka shiga digiri na biyu, nawa suka kare na uku, nawa ne mata da 'yan karkara a cikinsu, da kuma nawa suka dawo suna koyarwa ko bincike a jihar.